Tsohon batirin litiyam: ta yaya ake sanin ƙarfin da ya rage masa?

Waya tana nuna saura kashi 30 na caji. Mai ita ya buɗe kyamara zai ɗauki hoto, sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Ya jona ta a caja, ta farfaɗo, ta nuna kashi 28 kamar babu abin da ya faru. Wani ya sayi waya ta hannu, ya duba ya ga an rubuta lafiyar batirinta kashi 100, amma kafin rana ta raba ya fara neman inda zai jona. Mai sola kuma ya kwanta allon inbata na ce masa akwai kashi 40, tsakar dare wuta ta ɗauke. Duk su ukun tambaya ɗaya ke bakinsu: idan batirin litiyam ya kwana biyu, nawa ya rage na ainihin ƙarfinsa, kuma adadin nan da na'ura ke nunawa, daga ina take samo shi?

Tambayar ta ƙara nauyi ne saboda kayan hannu masu batir sun yawaita a duniya. A motar lantarki da kayan sola, batir shi ne ɓangare mafi tsada, don haka wanda bai san lafiyarsa ba bai san abin da ya saya ba. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, babu wani ma'auni a cikin batir da ke leƙawa ya ga saura kaza. Adadin lissafi ne wata 'yar ƙaramar kwamfuta ke yi daga alamomin da take gani daga waje. Wani lokaci lissafin yana dacewa sosai, wani lokaci kuma ya kauce, kuma yakan fi kaucewa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, wato bayan batir ya tsufa.

Caji daban, lafiya daban

Kashin da ke saman fuskar waya yana faɗin yadda batir ya cika ne a wannan lokacin. Lafiyar batir kuwa ita ce girman ma'ajiyar kanta, idan an kwatanta da ranar da ya fito daga kamfani. Ɗauki tankin ruwa wanda laka ke taruwa a gindinsa shekara da shekaru. Kullum ana cika shi har baki, mai kallo daga sama zai ce ya cika, amma ruwan da ke ciki bai kai na bara ba. Batirin da ya zo da 4,500 mAh, idan lafiyarsa ta sauko kashi 80, abin da yake iya riƙewa 3,600 ne kawai. Zai ci gaba da nuna kashi 100 idan ya cika, sai dai kashi 100 ɗinsa na yau shi ne kashi 80 na da.

Wannan mAh da ake rubutawa a jikin batir yawan caji yake nufi. Batir mai 3,000 mAh zai iya ba da miliamfa 3,000 na tsawon awa ɗaya, ko 300 na tsawon awa goma. Amma aikin da batir zai yi ba a caji kaɗai yake ba, har da ƙarfin da yake tura cajin da shi, wato bolteji. Idan aka ninka su biyun sai a sami makamashi, wanda ake rubutawa Wh. A nan mutane da yawa ke zargin fawabank da laifin da ba nasa ba. Fawabank mai 10,000 mAh, ƙwayoyin cikinsa, wato ƙananan batiran da aka haɗa a ciki, a kan bolt 3.7 aka lissafa su, wato 37 Wh ke nan. Shi kuwa yana fitar da wuta a bolt 5, don haka ko da babu asarar komai, 7,400 mAh ne zai fito. A cire abin da ke tafiya a zafi wajen juya wutar, sai a ga dubu shida da 'yan kai, alhali sabo ne fil.

Sai kuma zagaye. Ba yawan jona caja ake ƙirgawa ba. Zagaye ɗaya shi ne a ci jimillar kashi 100 na batir, ko a rana ɗaya ko a kwana uku. Wanda ya ci kashi 50 yau ya cika, ya ci 50 gobe ya cika, zagaye ɗaya ya yi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera batiran iPhone su riƙe kashi 80 bayan zagaye 500, sannan daga iPhone 15 zuwa sama ya ɗaga adadin zuwa 1,000. Masu ƙera motocin lantarki da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, da alƙawarin batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. Waɗannan iyakoki yarjejeniya ce ta masana'antu. Batir ba ya mutuwa ranar da ya taka kashi 79.

Abin da ke cin batir daga ciki

Tun da Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, tsarin bai sauya sosai ba, kuma a kansa ne John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Ɓangarori biyu ne a ciki, da ruwan sinadari a tsakaninsu. Ɗaya galibi girafayit ne, baƙin abin nan da ke cikin fensir. Ɗayan kuma sinadarin litiyam ne haɗe da wasu ƙarafa. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam suna ƙaura su shige tsakanin shimfiɗun girafayit. Idan ana amfani da wutar, sai su koma gida. Yawan litiyam da ke iya wannan kai-komo shi ne ƙarfin batir.

Tun cajin farko a masana'anta, wani siririn ɓawo yake fitowa a fuskar girafayit, sakamakon haɗuwarsa da ruwan sinadarin. Ɓawon yana da amfani, domin shi ke hana ruwan ci gaba da lalacewa. Matsalar ita ce da litiyam ake gina shi, kuma bai taɓa daina kauri ba. Duk litiyam da ya shiga ɓawon ya fita daga masu kai-komo har abada. Yana saurin kauri a farkon rayuwar batir, daga baya ya lafa, shi ya sa ake ganin sabuwar waya ko mota ta zubar da 'yan kashi a shekarar farko sannan ta daidaita.

Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba shi ne wannan ɓawon yana girma ko an ajiye batir ba a taɓa shi. Zafi yana hanzarta shi, haka ma zaman batir a cike maƙil na tsawon lokaci. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ta shekara biyu a jone da wuta, cikinta da zafi, tana iya zubar da ƙarfi mai yawa alhali zagayenta bai kai ɗari ba. Saboda haka yawan zagaye shi kaɗai ba ya faɗin lafiyar batir, kuma shi ya sa ake ba da shawarar a ajiye batirin da ba za a yi amfani da shi ba a wajen rabin caji, a wuri mai sanyi.

Akwai wasu hanyoyin lalacewar. Ɓangarorin biyu suna kumbura su saɓe a kowane zagaye, har ƙananan ƙwayoyinsu su tsattsage, wasu su rabu da sauran su daina aiki. Idan kuma aka yi caji cikin tsananin sanyi, ko da gaggawar da ta wuce ƙima, litiyam ba ya samun damar shigewa cikin girafayit, sai ya kwanta a kansa a matsayin ƙarfe. Wannan ya fi kowanne haɗari, don yana iya toho kamar ƙaya ya huda shingen da ya raba ɓangarorin biyu.

Sakamakon duk wannan iri biyu ne, kuma dole a riƙe su duka. Ma'ajiya tana ƙanƙancewa. Sannan hanyar fitar wutar tana ƙuntata, abin da masana ke kira turjiyar cikin batir. Yawancin mutane na farkon kawai suka sani, alhali na biyun ne ke kashe waya a kashi 30.

Yadda na'ura ke yin ƙiyasinta

Abu uku kacal allon kula da batir, wanda masu sola da motoci ke kira BMS, yake iya aunawa kai tsaye: bolteji, da yawan wutar da ke shiga ko fita, da zafi. Daga su ukun yake haƙo komai.

Hanya ta farko ita ce duban bolteji. Ƙwayar batirin da aka saba gani tana kai wa bolt 4.2 idan ta cika, tana sauka a hankali har wajen bolt 3 idan ta ƙare, to sai a duba inda take a ce kashi kaza ne. Sai dai bolteji ba ya faɗin gaskiya sai batir ya huta. Yayin da ake jan wuta yana nuna ƙasa da yadda yake, yayin caji kuma yana nuna sama, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya dawo daidai. Wahalar ta fi yawa a nau'in da ake kira LFP, mai ƙarfe da fosfet, wanda ya mamaye kayan sola da motoci da yawa. Shi boltejinsa kusan a miƙe yake, yana zaune a tsakanin 3.2 da 3.3 a mafi yawan tafiyarsa, ta yadda kashi 30 da kashi 70 kusan fuska ɗaya suke nunawa. Sai dab da cika ko dab da ƙarewa yake motsi sosai. Wanda ya sa mita a kan batirin sola ya ga bolt 52 ya ce lafiya lau, bai auna komai ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Tsohon batir da sabo duk bolt 4.2 suke nunawa idan sun cika. Bolteji na iya ba da labarin caji, amma karatu ɗaya ba ya cewa komai game da girman ma'ajiya.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga. Na'ura tana rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, kamar mai riƙe littafin ajiya. Hanya ce mai kyau, amma ƙaramin kuskure yana taruwa. A ce ma'aunin batirin sola mai 100 Ah (Ah ɗaya mAh dubu ne) ba ya ganin wutar da ba ta kai rabin amfa ba, kuma akwai wani ɗan kaya da ke jan kusan hakan dare da rana. A awa 24 an kwashe kusan 12 Ah babu wanda ya rubuta. Idan aka yi kwanaki na hadari batir bai cika ba, littafin zai ce akwai kashi 40 alhali ma'ajiya ta kusa komawa fanko. Littafin yana gyaruwa ne kawai idan batir ya taɓa wata iyaka da babu shakka a kanta, wato cika maƙil. Dalilin ke nan da Tesla ke shawartar masu motocinsa masu batirin LFP su riƙa cikawa zuwa kashi 100 aƙalla sau ɗaya a mako.

Lafiyar batir kuwa daga haɗa hanyoyin biyu ake fitar da ita, kuma lissafin yana da daɗin bi. A ce waya ta kwana a huce, bolteji ya nuna tana kashi 90. Aka yi ta amfani da ita, littafi ya rubuta 2,000 mAh sun fita. Ta sake hutawa, bolteji ya nuna kashi 30. To kashi 60 na batirin nan shi ne 2,000, wato dukkansa kimanin 3,330 ne. Idan da 4,000 ya zo, lafiyarsa kashi 83. Amma duba inda raunin yake. Idan mai wayar mutum ne da kullum tsakanin kashi 70 da 80 yake yawo, tazarar kashi 10 ce kawai, kuma kuskuren kashi 2 a karatun bolteji zai karkatar da sakamakon da kashi 20. Na'ura mai hankali ba ta yarda da irin wannan awon, sai ta ci gaba da nuna tsohon adadi har ta sami dama mai kyau. Shi ya sa lafiyar batir kan tsaya cak na watanni, sannan ta faɗo da kashi uku a mako ɗaya, wani lokaci ma ta hau bayan an sabunta manhaja. Batirin bai warke ba, lissafin ne aka gyara.

Manyan na'urori, musamman na motoci, suna riƙe da kwatancin batirin a cikin lissafi, suna hasashen abin da bolteji ya kamata ya nuna, suna kwatantawa da abin da suka auna, suna gyara kansu a kowane lokaci. Dabarar da aka fi amfani da ita ta Rudolf Kalman ce ta 1960, wadda aka yi aiki da ita wajen jagorantar kumbon Apollo zuwa duniyar wata. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma wannan idon ya ƙware. Duk da haka kwatancin da yake dogara da shi an gina shi ne a kan batiran gwaji, kuma kowane batir yana tsufa gwargwadon hannun da ya riƙe shi.

Dalilin mutuwar waya a kashi 30

Mu koma ga turjiya. Duk lokacin da aka ja wuta, bolteji yana faɗuwa gwargwadon yawan wutar da girman turjiyar. A ce sabon batir yana da turjiyar 0.1 om (om shi ne ma'aunin turjiya), waya ta ja amfa 2 lokacin da aka kunna kyamara. Bolteji zai sauka da 0.2, daga 3.7 zuwa 3.5, waya ba za ta ji komai ba. Bayan shekara uku turjiya ta kai 0.25, wannan jan dai zai sauke shi da 0.5, ya koma 3.2. Idan wayar ba ta iya aiki ƙasa da 3.3, nan take za ta kashe kanta. Cajin yana nan a ciki, ƙofar ce ta yi masa ƙunci. Da zarar an saki batirin, bolteji ya koma inda yake, waya ta tashi da kashi 28. Sanyi yana ƙara turjiya, shi ya sa abin ya fi faruwa a lokacin sanyi, kuma yakan ragu idan batir ya ɗumama.

Wannan shi ne tushen ce-ce-ku-cen da ya tashi a Disambar 2017, lokacin da Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone don hana su mutuwar farat ɗaya. Ta fuskar injiniyanci dabarar tana da ma'ana: a hana waya jan wutar da batir ba zai iya bayarwa ba. Laifin shi ne rashin faɗa wa mutane, har wasu suka ɗauka wayarsu ce ta gaji gaba ɗaya alhali canza batir zai wadatar. Hukumomin Faransa sun ci kamfanin tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda wannan ɓoyewar. A 2018 ne kuma aka saka shafin lafiyar batir a cikin iPhone. A ganina darasin ya shafi kowane kamfani: mai kaya yana da haƙƙin sanin halin da batirinsa ke ciki, da kuma abin da na'ura ke yi a bayan fage saboda shi.

A manyan batura akwai ƙarin matsala. Batirin sola na bolt 51.2 ƙwayoyi 16 ne a jere, kowacce 3.2. Wuta ɗaya ke ratsa su duka, don haka da zarar mafi rauni ta ƙare, BMS zai yanke komai don ya kare ta, ko da sauran 15 suna da saura. Wani lokaci ma ƙwayar ba ta lalace ba, ta dai saɓa da 'yan uwanta ne wajen cika, kuma barin batirin a kan caji har BMS ya daidaita su yakan dawo da ƙarfin da aka ɗauka ya ɓace.

Gwajin da ya fi kowanne gaskiya

Gani ya kori ji. Hanyar da masu ɗakunan gwaji ke bi ita ce a cika batir, a bar shi ya huta, a zuƙe shi a hankali da wuta madaidaiciya har iyakarsa ta ƙasa, a ƙirga abin da ya fito. Ana yi ne a zafin ɗaki, wajen digiri 25, domin sanyi da jan wuta da ƙarfi duk suna rage sakamako.

Mai ƙwayoyi irin 18650, waɗanda sunansu ya fito daga faɗin milimita 18 da tsawon 65, zai iya yin wannan da caja mai gwaji. Nan ne ake kama ƙarya a fili, don ƙwayoyin kirki na wannan girman suna tsayawa a wajen 3,500 mAh, amma za a ga waɗanda aka buga wa 9,900 a jiki. Ga fawabank, ƙaramar mitar da ake soka wa a bakin USB ta isa, muddin Wh aka karanta ba mAh ba, kuma aka tuna da asarar juya wuta.

Mai sola zai iya yi da agogo da kaya mai jan wuta sananniya. Batir mai bolt 51.2 da 100 Ah yana da 5,120 Wh. A cika shi, a cire hasken rana da wutar gari, a ɗora masa kayan wat 500. Idan ya yi awa 8 kafin ya yanke, 4,000 Wh ne suka isa ga kayan. Inbata tana cin wajen kashi 10 a hanya, to abin da ya fita daga batir ya kai kimanin 4,440, wato kusan kashi 87. Idan kuma an saita inbata ta yanke kafin batir ya ƙare, sai a ƙara wannan ragowar a lissafi.

A kwamfuta mai Windows, rubuta powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda yake riƙewa yanzu. Na taɓa yin haka a wata tsohuwar kwamfutata da ta fara mutuwa ba sallama. Rahoton ya ce tana da sama da kashi 70. Na cika ta, na bar bidiyo yana tafiya, ina kallon agogo. Ta sauko a natse har kashi 35, sannan ta yi tsalle zuwa 7. Da na sake cika ta na fitar da rahoton, adadin ya faɗo ƙasa da rabi. A wannan yinin batirin bai yi asarar komai ba, na'urar ce ta ga iyakarsa ta ƙasa a karon farko cikin shekaru, don kullum a jone take.

A nan akwai wata tsohuwar fahimta da ya kamata a gyara. Zuƙe batir har ya mutu ba ya ƙara masa lafiya. Wannan shawara ta zamanin batiran nikel da kadmiyam ce. Ga litiyam, zuƙewar tana gyara ma'auni ne kawai, kuma yawan yin ta yana ƙara gajiyar da batir. Sau ɗaya a watanni ya isa, ko lokacin da aka ga adadin ya fara tsalle.

Wa za a yarda da shi

Masu ƙera kaya suna da hujjarsu. Sun ce adadin da ke hawa da sauka kullum zai tayar wa mutane da hankali a banza, don haka suke lallashinsa ya riƙa sauka a hankali. Sau da yawa kuma sabon batir yana ɗan wuce abin da aka rubuta a jikinsa, shi ya sa lafiyar batirin waya kan daɗe a kashi 100. Masu motoci suna ɓoye wani yanki a sama da ƙasan batir don kare shi. Duk wannan ba yaudara ba ce a kan kanta, amma tana nufin kashi 90 na wannan kamfani ba lallai ya zama kashi 90 na wancan ba.

A kasuwar kayan hannu kuwa akwai ainihin ha'inci. Yawan zagaye da adadin lafiya a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa suke a rubuce, kuma akwai na'urorin da ke goge su a mayar da tsohon batir kashi 100. Waya mai shekara huɗu da ke nuna kashi 100, ko dai an canza mata batir, wanda mai sayarwa ya kamata ya iya nuna shaidarsa, ko kuma an taɓa lissafin. Mai saye ba ya buƙatar ɗakin gwaji don ya gane. Ya kunna kyamara ya ɗauki bidiyo na minti goma, ya ga kashi nawa ya tafi, ya ji ko bayanta ya yi zafi fiye da ƙima, ya lura ko adadin na sauka ɗaya bayan ɗaya ko tsalle yake. Manhajojin da ake saukewa don auna batir suna da amfani, amma daga abin da wayar ta faɗa musu suke lissafi, kuma suna buƙatar caji masu tsawo da dama kafin adadinsu ya zauna.

Hukumomi sun fara shigowa. Tun 20 ga Yunin 2025, wayoyin da ake shigarwa kasuwar Tarayyar Turai dole batirinsu ya jure aƙalla zagaye 800 yana riƙe da kashi 80. Dokar batura ta tarayyar ta 2023 kuma ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 batiran motocin lantarki da manyan batiran masana'antu za su riƙa zuwa da fasfo na intanet mai ɗauke da bayanansu. Tunda kamfanoni ba su cika ƙera kaya daban don kowace nahiya ba, ana sa ran amfanin zai kai ga masu saye a wasu wuraren, har da waɗanda kayan ke isa gare su bayan sun yi hannu biyu ko uku.

Abin da adadin yau ba ya faɗa game da gobe

Ko an auna daidai an sami kashi 82, saura tambaya mafi wuya: har yaushe? Batura da yawa suna sauka a hankali na dogon lokaci, sannan su kai wata gaɓa da masana ke kwatantawa da gwiwa, inda layin ke karyewa ya gangara da sauri. Batura biyu masu kashi 82, ɗaya na iya yin shekaru, ɗayan yana dab da gangarar. A 2019 masu bincike daga jami'o'in MIT da Stanford tare da cibiyar binciken Toyota sun gwada ƙwayoyin LFP 124 iri ɗaya da salon caji daban-daban, tsawon rayuwarsu ya kama daga zagaye 150 zuwa 2,300. Sun nuna cewa kwamfuta na iya hasashen rayuwar ƙwaya daga zagaye 100 na farko da kuskuren kusan kashi 9, amma wannan a ɗakin gwaji ne, inda zafi ba ya sauyawa kuma ana rubuta komai.

Ga mai kaya a gida, abin da ya fi awo ɗaya amfani shi ne jerin awo. A yi gwaji iri ɗaya, da kaya iri ɗaya, duk bayan wata uku ko shida, a rubuta a takarda tare da kwanan wata. Idan batirin sola ya yi awa 8 a bara, ya yi 7 da minti 45 bana, tsufa ne na al'ada. Idan ya sauko daga 7 da rabi zuwa 6 cikin wata uku, ya taka gangara, kuma lokacin tanadin wani ya yi. Batirin da ya gaza a mota ko a kayan aiki masu jan wuta da ƙarfi yakan iya ci gaba da hidima a inda ake jan wuta kaɗan, kamar fitila, domin a can turjiyarsa ba ta damun kowa.

Akwai dai halin da ba a tsayawa awo. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya ko madannan kwamfuta, ko yake zafi alhali ba a amfani da shi, ko yake fitar da wani wari mai kama da na sinadarin goge farce, iskar gas ce ke taruwa a cikinsa saboda ruwan sinadarin yana ruɓewa. Ko allo na nuna kashi 95, a daina yi masa caji, kada a danna shi ko a huda shi, a ajiye shi nesa da abin da wuta ke kamawa har a kai shi inda ake karɓar matattun batura.